Ranar da Na Shayar da Jar Motar Injiniya Man Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Haɗeja ba za su bar ni ba. Yau shekara talatin da 'yan kai, na yi ritaya, na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma har gobe idan na shiga kasuwa sai wani ƙaton magidanci ya rusuna ya gaishe ni da ladabi, ina ba da baya in ji yana ce wa na kusa da shi, "Malaminmu ne, Malam Oktan." Da can sunan yana ƙona min rai. Yanzu kuwa idan na ji shi wani mutum nake tunawa.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne a lokacin, don ka san daga inda na faɗo. Ni ne malamin kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare a garinmu. Shekaruna ashirin da tara, digirina sabo fil, biro uku a aljihun gaba, ga tabarau wanda babu likitan da ya ce in sa. A ganina babu wani ruwa da ke cikin kwalba ko jarka a duk faɗin ƙasar Haɗeja da ban san sunansa da sunan kakansa ba.

Sai kuma abokina, Injiniya Pam. Mutumin Filato ne, ma'aikacin ruwa, shi ke kula da magudanan noman rani a yankinmu. Matarsa, Madam Saratu, tana koyar da Turanci a makarantarmu, ta nan muka san juna. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, amma bai taɓa nuna min haka ba. Dogo ne, mai sanyin magana, idan zai yi dariya kafaɗunsa ne ke fara rawa kafin sautin ya fito. (Hausarsa ta Jos ce, ba ruwansa da raba mace da namiji, amma a nan zan gyara masa ita saboda zumunci.) Kusan kullum bayan la'asar yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya danna hon sau biyu, mu tafi bakin kogi, mu sayi gasasshen kifi a takarda, mu zauna muna kallon masunta sun kife a kan gorunansu suna bin ruwa. A lokacin kogin yana da ruwa na gaske. Idan magariba ta riske mu a hanya, sai ya tsaya a gefen masallaci ya jira ni a mota in yi salla, sannan ya kai ni gida.

To, motar. Daga Turai ya zo da ita, inda ya yi kwas na shekara uku. Ja ce wur, ƙofa biyu, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, sai ka naɗe jikinka kamar tabarma kafin ka shiga. Tana da abin da ake kira turbo, wata 'yar na'ura da ke cusa wa inji iska da ƙarfi don ya ƙara gudu. Duk garin babu irinta. Amma ga abin tausayi, motar da aka ƙera don tsere, lallaɓa ta Injiniya yake yi kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar kifi mai zuwa daga Nguru, da lodinta da komai, sai ta yi mana hon ta wuce. Dalili kuwa fetur ɗinmu ne bai kai mata ba. Da zarar ya ɗan taka totur da nauyi sai injin ya fara ƙwanƙwasa, kas-kas-kas, shi kuma ya yi maza ya ɗage ƙafa.

"Malam," yakan ce min, "kai ba ka taɓa jin muryar motar nan ba. Wannan da kake ji tari ne."

"To yaya muryar take?"

Sai ya ajiye kifin ya dubi ruwa. "A can akwai man da ake zuba wa motocin tsere. Sau ɗaya na saya, ranar da na gama jarrabawar ƙarshe. Na hau wani miƙaƙƙen titi na taka ta. Da farko ba ka jin komai, can sai turbo ya fara fito siriri, sai kujera ta turo ka ta baya. Gaskiyar Allah, Malam, ranar na manta ni ɗan manomin dankali ne."

Ya ba ni labarin nan ya fi sau ashirin, ban taɓa gajiya da ji ba. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, na wayi gari ina kewar wani titi da ban taɓa sa shi a ido ba.

Abin da shi ya sani da kunne, ni a littafi na san shi. Kowane fetur yana da lamba, ana ce mata oktan, ita ke nuna yadda man ke jure matsi a cikin inji ba tare da ya kama da wuta kafin lokacinsa ba. Inji mai turbo matsinsa da yawa, saboda haka yana son mai mai babbar lamba. Har darasi guda na yi wa 'yan aji biyar a kan wannan, na zana jar motar a allo (da farin alli, amma kowa ya gane ta), na rubuta da manyan baƙaƙe cewa man ƙananan jiragen sama lambarsa ɗari ce. Kuma ban yi ƙarya ba, haka yake a littafi. Abin da ke shafi na gaba ne ban karanta ba.

A shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ba mu jiharmu, gari ya cika da murna, sai ga takarda ta zo wa Injiniya. An mayar da shi gida Filato, sati uku aka ba shi ya haɗa nasa ya nasa. A bakin kogi ya gaya min. Na ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri," kamar yadda ake faɗa, amma kifin ranar a takarda na bar shi. Makaranta ta shirya wa Madam liyafar ban kwana ran Asabar, su kuma za su tashi ran Talata, kaya a babbar mota, shi da Madam a jar motar. Malamai suka shiga shawarar kyauta, wani ya ce agogon bango, wani ya ce buhun shinkafa. Ni kuwa na ƙudurta a raina ba zan sallami mutumin nan da abin ratayewa a bango ba. Muryar motarsa zan dawo masa da ita, ko da sau ɗaya ne, kuma ina zaune a gefensa.

Sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Damina ta ja baya, shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki suka sauko fadama kamar yadda suka saba, idan suka tashi har rana suke rufewa. Gwamnati ta turo jirgi mai saukar ungulu ya yi musu feshi, aka yi masa zango a wani fili kusa da Kirikasamma. Ina jin labarin na ce abin nema ya samu, domin dai jirgi ba da ruwan rijiya yake tashi ba.

Ran Alhamis ana tashi daga makaranta na ɗaure jarka a bayan babur na kama hanya. Ruwa ya cika fadama hagu da dama, manoma suna ta kaɗa gwangwanaye suna korar tsuntsu. Na tarar da jirgin a zaune ya sauke fukafukai, ga duro-duron mai a jere ƙarƙashin wata rumfa, wani dattijo yana kula da su. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne layin mata da na gani, kowacce riƙe da kwalba. Na tambaya, aka ce ai ƙa'idar aikin ce ba a zuba wa jirgi ƙasan duro, saboda ruwa da dattin da ke kwanciya. In mai ya kusa ƙasa sai a ajiye a buɗe sabo. Wannan ragowar ce dattijon yake raba wa mutanen ƙauye sadaka.

Ka san me na ce a raina? Na ce Allah sarki, rashin sani. Ga mai mai lamba ɗari, an damƙa wa matan ƙauye za su je su ɓarnatar. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me mace za ta yi da man tsere a cikin kwalbar lemo ba.

Na ƙarasa wurin dattijon na gyara tabarau.

"Baba, sannu da aiki. Ni malamin kimiyya ne daga Haɗeja, ina so a taimaka min da man nan."

"To madalla. Fitila gare ka ko risho?"

Na yi murmushin nan namu na masu ilimi. "Mota ce, Baba."

Ya dube ni, ya dubi jarkar. "Mota kuma? Malam, ai shi wannan man..."

"Na sani, Baba, na sani, yana da ƙarfi. Motar ce ta musamman."

"To," in ji shi, "ku ne masu karatu."

Ya tattara min ƙasan duro huɗu. Na shimfiɗa hankicina a bakin jarka na tace man tsaf don kada datti ya shiga (ka ga ai ni mutum ne mai lura), har jarka ta cika. Na ba shi goro, na yi godiya, na juyo gida ina waƙa a kan babur.

A bayan ƙofar ɗakina na ɓoye jarkar. Ba a yi awa ɗaya ba Inna, mahaifiyata, ta leƙo tana shinshina.

"Kai, ashe ka samo mana kananzir ka yi shiru? Kwana uku ina fama da aci-balbal."

"Inna, ba kananzir ba ne. Man jirgin sama ne."

Ta buɗe murfin, ta tsoma yatsa, ta murza, ta kai hanci. "Kananzir ne."

"Inna, abin nan fa shi na karanta shekara huɗu a jami'a."

"Ni kuma shekara hamsin ina kunna shi. Ɗan sam min a kwalba."

Na hana ta. Allah ya yafe min, na hana uwata cikin kwalba ɗaya, har na tsorata ta da cewa zai fasa fitilar ya ƙone mana gida. Ta fita tana cewa ita dai hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ni ma fa na ji warin, ba wai mura nake yi ba. Amma sai na ce wa kaina ai duk mai daga rijiya ɗaya yake fitowa, dole wari ya yi kama da wari.

Ran Asabar da hantsi aka jera bencina a ƙarƙashin darbejiyoyin gaban ofishin malamai. Ɗalibai suka cika fili, aka dafa shinkafa da kifi, Madam ta sha ado, Injiniya ya sa farar riga 'yar shara da wata hula da na ba shi da Sallah. Tun da asuba na kai jarkar ɗakin gwaje-gwaje na kulle. Da aka fara cin abinci sai na raɗa masa ya ba ni mukulli in matsar da motar inuwa. Ya miƙo min bai ko dube ni ba, don ya saba. Na kai ta bayan ɗakin gwaje-gwaje, na duba allurar tanki na ga tana kwata, na ɗauko mazurari na juye jarkar nan kaf. Na wanke hannu da sabulu sau uku, warin bai fita ba, na ce alamar ƙarfin mai ke nan.

Shugaban makaranta ya yi jawabi, aka miƙa agogon bango, aka tafa. Sai na ɗaga hannu na nemi izinin cewa wani abu. Na fito tsakiyar fili, na goya hannu a baya kamar ina aji.

"Kowa a nan ya san motar Injiniya," na ce, "amma babu wanda ya taɓa jin muryarta ta gaskiya. 'Yan aji biyar, me ya sa?"

Suka amsa baki ɗaya, "Oktan, Malam."

"Man jirgin sama nawa ce lambarsa?"

"Ɗari, Malam."

"To, yanzu haka da nake magana, man jirgin sama ne a tankin motar nan. Ita ce kyautata."

Wuri ya ɗauki tafi da sowa. Injiniya ya miƙe a hankali yana dubana.

"Malam, da gaske kake?"

"Da gaske nake."

Ya buɗe baki, na ga alamar zai tambaye ni a ina na samu, amma hayaniya ta danne maganar, shi ma sai ya bar ta. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya kama hannuna da hannayensa biyu ya riƙe. Madam ce kawai ba ta tafa ba.

"Pam," ta ce, "ran Talata fa muna da doguwar tafiya."

"Saratu, malamin kimiyya ne ya zuba," in ji shi.

Wannan maganar tasa, duk lokacin da na tuna ta sai na runtse ido.

Daga ƙofar makarantarmu akwai kwalta miƙaƙƙiya da ta ratsa fadama. Makaranta kaf ta fito ta yi layi a bakin titi, malamai masu babura suka shirya bin bayanmu. Muka naɗe muka shiga. Murɗawa ɗaya injin ya tashi lafiya lau (daga baya na gane sauran fetur ne da ke cikin bututu), na dubi Madam ta taga da irin kallon nan na kin gani ko. Injiniya ya cire hularsa ya ɗora min a cinya. Ya sa giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya taka totur har ƙasa.

Da farko babu komai. Can sai na ji fito siriri yana tasowa daga gaba, yana ƙara kaifi, sai kujera ta turo ni ta baya har kaina ya bugi matashi. Gonakin shinkafa suka haɗe suka zama kore guda, balbelu suka tashi daga bakin ruwa muka bar su a baya. Na juya na ga kafaɗun Injiniya suna rawa.

"Ka ji ta? Malam, ka ji ta?"

Na ji ta. Yadda ya sha faɗa min a bakin kogi, haka take, babu ragi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma duk-duk bai cika minti ɗaya ba.

Sai ƙwanƙwasa ta fara. Ba kas-kas ɗin da muka saba ba, wannan kamar maƙera ce ranar kasuwa. Da shi kaɗai ne na san ɗage ƙafa zai yi nan take. Amma sai ya juyo ya dube ni, ni mai ilimin. A nan ne na faɗi maganar da ta fi kowace magana wauta a rayuwata.

"Taka, Injiniya. Sabawa take yi da man."

Ya taka. Wani abu ya ce fam a cikin bonet, motar ta yi tsalle, farin hayaƙi ya turnuƙe mu gaba da baya. Ta gangara a hankali ta tsaya a gefen wata gonar shinkafa. Muka fito muna tari. Warin da ya cika wurin kuwa ko jariri ya san shi, warin risho ne idan an kashe shi.

Masu babura suka iso, ɗalibai suka biyo da gudu, manoma suka bar korar tsuntsu suka zo kallo. Wani malami ya koma gari ya ɗauko Garba bakanike, wanda shi kaɗai Injiniya ke yarda ya taɓa motar. Madam ta iso a bayan babur ɗin shugaban makaranta. Garba ya leƙa bonet ya girgiza kai, ya zagaya ya buɗe tanki ya kai hanci, ya ɗago yana duban jama'a.

"Wa ya zuba wa motar nan kananzir?"

Kowa ya juyo gare ni.

"Man jirgi ne," na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba.

"Wane jirgin? Mai fanka a ka na Kirikasamma? Ai shi kananzir yake sha, Malam. Ko matata ta samo kwalba biyu, da shi muka kwana jiya."

Shugaban makaranta ya yi gyaran murya ya dubi sama. Ina ta addu'a a raina ƙasa ta tsage in shige. Sai wani ɗan aji biyar daga baya, cikin ladabi kuwa, har da ɗaga hannu, ya ce, "Malam, shi kananzir nawa ce lambarsa?"

Dariyar da aka yi a fadamar nan, ina jin har jan-bakin sai da suka tashi.

(Da yamma na buɗe littafin na juya shafi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ƙananan jirage masu inji irin na mota su ne ke shan mai mai lamba ɗari. Irin wanda ya zo mana feshi kuwa injinsa daban ne, kuma man da yake sha tataccen kananzir ne. Shi kananzir, lambarsa can ƙasa take, ko fetur ɗinmu da muke rainawa ya fi shi nesa ba kusa ba.)

Garba ya ce fistin ɗin injin ya narke, turbo ma bai san halin da yake ciki ba, kuma kayan motar nan ko a Kano sai an sha wuya. Babu abin da zai ja ta sai shanun huɗar mai gonar. Aka ɗaura igiya. Injiniya ya ce in shiga in riƙe sitiyari, shi zai taka da ƙafa. Na daɗe ina mafarkin ranar da zan shiga Haɗeja ina tuƙa jar motar nan jama'a suna kallona. To ranar na shiga, jama'a sun kalle ni, bijimai biyu ne dai a gabana suna kaɗa jela. Shi kuwa yana tafe a gefe, hannunsa a kan rufin motar, tun daga fadama har garejin Garba. Bai faɗa min baƙar magana ko ɗaya ba. Da muka isa ya ce, "Malam, je ka gida ka huta." Ni a kunnena kora ce.

Labari ya riga ni isa gida. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Ba ta ce na gaya maka ba. Cewa ta yi, "Jarkar fa, babu ko ɗan saura?"

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ran Lahadi ban fita ba sai masallaci, shi ma a sahun ƙarshe. Bayan la'asar na ji sallama a zaure, muryar Injiniya ce. Da ƙafa ya zo. Inna ta buga min ƙofa, na ce ta ce ba ni da lafiya. Ta ce ita ba za ta yi wa baƙo ƙarya ba, ta je ta ce masa ina ciki amma na ƙi fitowa. Ya ce ba komai, zai jira. Ya zauna a dakali, ina jin su shi da Inna suna hirar ɓarnar jan-baki, har aka kusa kiran magariba. Da zai tafi ya bar min kifi a takarda.

Ran Litinin na aika makaranta cewa zazzaɓi ya kama ni. Bayan la'asar ya sake zuwa, ya sake zama a dakalin. Sau biyu na miƙe na kama mariƙin ƙofa. Sai in tuna da "malamin kimiyya ne ya zuba," in koma in kwanta. Ina son ganinsa kamar me, amma na kasa yarda ya gan ni a matsayin wawa.

Ran Talata da safe babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, ta cika da kujeru da katifu. Inna ta zo ta ce, "In ba ka fito da ƙafarka ba, ni zan fito da kai." Na fito. Madam tana zaune a gaba kusa da direba, inda ƙaren mota ya kamata ya zauna. Injiniya ya sauko.

"Malam, kwana biyu ina zuwa."

"Injiniya, ban san da wane ido zan dube ka ba."

"Da wanda ka saba." Ya dafa kafaɗata. "Ka ji ni da kyau. Shekara shida ina tsoron motar nan. Da na tafi da ita gida, haka zan ci gaba da lallaɓa ta har ta ruɓe a hannuna. Ran Asabar na taka ta har ƙasa, kuma kana gefena ka ji da kunnenka. Yanzu in na ba da labarin ina da shaida." Kafaɗunsa suka fara rawa. "Sai dai fa, Malam, wannan 'sabawa take yi' ɗin, da ita za a binne ni."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, ga hawaye yana zuba. Madam ta leƙo ta taga.

"Malam, an yafe maka. Amma kada ka ƙara zuba wa kowa komai, ko shayi ne."

Direba ya danna hon. Injiniya ya sa ƙafa ɗaya a matakala, sannan ya waiwayo. Wannan karon ba ya dariya.

"Da ka fito jiya da shekaranjiya, da mun taka zuwa kogi. Ba nisa ai."

Duk tsayuwar tamu ba ta fi minti biyar ba. Motar ta tashi, na bi ta da ido har ta sha kwana.

Mun yi ta musayar wasiƙu shekara biyu ko uku. Kayan gyaran ba su samu ba, jar motar ta zauna a garejin Garba har kaji suka mayar da ita akurki, daga baya ya rubuto a sayar wa masu gwangwan. Aka sake canza masa wurin aiki, wasiƙu suka ja baya, ta ƙarshe da na aika ba a amsa ba. Na sha tambayar mutanen Filato da ke zuwa aiki garinmu, sai su ce Pam ai suna da yawa, wanne daga ciki? Ban sani ba ko yana raye. Kogin ma yanzu ba na cika zuwa, ruwan ya ragu, kuma kifi ba ya daɗi idan kai kaɗai ne.

Mutane suna zaton darasin da na koya shi ne ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na koya kam, tun daga ranar ko ruwan randa aka miƙo min sai na shinshina. Amma shi kananzir inji ɗaya kawai ya ci, kuma mai injin ya yafe tun kafin hayaƙi ya washe. Yammaci biyun nan kuwa, na ƙarshe da Allah ya ba ni da mutumin nan, ni na cinye su da kaina, ina kwance a ɗaki ina jinyar girman kai, shi yana zaune a dakali kifi yana hucewa a hannunsa. Saboda haka idan ka tafka wauta a gaban wanda yake ƙaunarka, kada ka ɓuya. Ka fito ka zauna ya yi maka dariya son ransa, tun yana gari.